TAKALMIN UWARGIDA: FUREN DAZUZZUKAN AREWACIN DUNIYA DA TARIHIN CETONSA

 

GABATARWA

Abin da zan yi magana a kansa yau wani tsiro ne wanda ba ya fita a ƙasarmu, ba a cinsa, ba a yin tufa da shi, ba ya kuma ba da inuwa. Mazauninsa dazuzzuka ne masu sanyi na arewacin duniya, inda ƙanƙara kan rufe ƙasa watanni da dama a kowace shekara. Mai sauraro yana da damar ya tambaya, to, mene ne amfanin tara mutane a kansa? Amsa ita ce, tarihin wannan tsiro ya warware wata tambaya da ta shafi duk mai nazarin halittu, ko a ina yake. Tambayar kuwa ita ce: idan aka ce an ceci wani tsiro daga ɓacewa, mene ne ainihin abin da aka ceta?

Abin da nake so in tabbatar a wannan lacca shi ne, wannan tsiro ba shi kaɗai yake rayuwa ba. Rayuwarsa a rataye take ga wani ƙaramin ƙwaro mai tashi a sama, da wata funfuna da ke ɓoye cikin ƙasa, da kuma shekaru masu yawa waɗanda ba wanda ya isa ya gajarta su. Saboda haka wanda ya tone shi ya kai lambunsa, wani yanki nasa kaɗai ya ɗauka. Haka kuma wanda ya raya shi cikin kwalba a ɗakin bincike, aikinsa bai kammala ba sai ran da tsiron ya haihu da kansa a daji.

Zan kasa maganar kashi huɗu. Da farko siffar tsiron da mazauninsa, sa'an nan yadda ake yi masa barbara, sai yadda irinsa ke tsira, daga ƙarshe kuma abin da ya same shi a Ingila.

SUNANSA DA SIFFARSA DA MAZAUNINSA

Tsiron ɗaya ne daga cikin babban dangin nan na tsirrai da ake kira okid, wanda yake da iri kimanin 28,000, watau yana cikin dangi biyu mafi girma na tsirrai masu fure. Yawancinsu a ƙasashe masu zafi da damshi suke, kuma da yawa daga cikinsu a jikin itatuwa suke maƙalewa. Banila da ake ƙamsasa biskit da alewa da ita daga kwanson wani okid ake samunta. Amma wanda muke magana a kansa a ƙasa yake tsira, cikin sanyi.

A shekarar 1753 masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya raɗa masa sunan da masana ke kiransa da shi har yau, watau Cypripedium calceolus. Kashin farko na sunan yana nuni ne ga takalmin wata gunkiya ta Girkawan dā wadda suke dangantawa da tsibirin Kubrus, kashi na biyu kuwa da Latinanci ma'anarsa ɗan takalmi. Al'ummomin da ke zaune kusa da shi su ma takalmi suka gani a jikinsa. Ingilishi da Jamusawa suna ce masa takalmin mace, mutanen Suwidin kuwa suna danganta takalmin ga wani tsuntsu na dajinsu. Mu a wannan lacca za mu kira shi takalmin uwargida.

Tsawonsa daga ƙasa yakan kai santimita 20 zuwa 60. Yana da ganye uku zuwa biyar, masu faɗi, masu jijiyoyi a jere kamar an yi musu kalmasa. A bisa kansa fure ɗaya yake fitarwa, wani lokaci biyu, cikin watan Mayu ko Yuni. Furen yana da filafilai huɗu masu launin jan goro da ya dafe, biyu na gefe a murɗe kamar gashin baki. A tsakiyarsu akwai wata jaka rawaya mai sheƙi, wadda girmanta bai kai na ƙwan zabuwa ba, bakinta a buɗe ta sama. Wannan jaka ita ce takalmin. A duk okid ɗin da ke fita a dajin Turai, babu mai fure babba kamarsa.

Ƙarƙashin ƙasa kuwa yana da wani kara kwance, irin na citta amma siriri, wanda yake ƙaruwa kaɗan a kowace shekara yana fid da sababbin rassa. Idan sanyi ya shigo sai ganye ya bushe, karan ya kwanta ƙarƙashin ƙanƙara, in ta narke ya sake tohowa. Ta wannan hanya tushe guda yakan zama kurmi mai kara goma ko fiye. Masu bincike a ƙasar Istoniya, waɗanda suka ƙirga tabon da kowace shekara ke bari a jikin karan, sun nuna cewa akwai tushen da suka haura shekara 100. Ashe ke nan ɗan tsiron da bai wuce gwiwa ba yana iya girme wa itacen da ke yi masa inuwa.

Mazauninsa ya miƙe tun daga Ingila da tsaunukan kan iyakar Faransa da Sifen, ya ratsa tsakiyar Turai da ƙasashen arewacinta, ya keta Rasha da Siberiya, har arewa maso gabashin Sin da wani ɗan tsibiri na arewacin Japan. Yana da 'yan'uwa sama da 50 a Asiya da Amurka ta Arewa. Ɗaya daga cikinsu, mai jaka ja-ja da filafilai farare, shi ne furen da jihar Minnesota ta Amurka ta ɗauka tambarinta. Amma duk faɗin wannan mazauni, ba ko'ina yake yarda ya zauna ba. Yana son ƙasa mai alli, wadda ke bisa irin dutsen da ake ƙonawa a yi siminti. Yana son damshi ba tare da ruwa ya kwanta ba. Yana kuma son inuwa mai ratsin rana, domin rana tsantsa tana busar da shi, duhun kurmi kuwa yana hana shi fure.

BARBARA: TARKON DA BA YA KISA

Manomin dabino ya san cewa in ba a kai bununin namiji ga mace ba, ba za a ci dabino ba. Haka abin yake ga sauran tsirrai masu fure, sai dai da yawansu ƙwari ne ke yi musu wannan aiki, su kuma su biya ƙwarin lada da ruwan zaƙi. Ciniki ne na ba ni gishiri in ba ka manda. To, takalmin uwargida ba ya biyan ko anini. Babu ɗigon zaƙi a cikin jakarsa. Abin da yake da shi kawai launi ne da ƙamshi, kyan ɗan maciji ke nan.

Waɗanda ke faɗa wa wannan yaudara wasu ƙananan ƙudajen zuma ne, ba irin na amya masu sarki da runduna ba. A da yawa daga cikinsu, mace ita kaɗai take haƙa raminta a ƙasa ta tara wa 'ya'yanta abinci. Masana suna kiran mafi yawansu Andrena da Lasioglossum. Idan ƙamshi ya jawo ƙudan, ya sauka a bakin jaka, sai santsi ya kwashe shi ya faɗa ciki. In ya nemi komawa ta inda ya shigo ba ya iyawa, domin leɓen jakar a naɗe yake ta ciki, bangonta kuma sumul yake. Bayan ya yi ta faman kai da kawowa, sai ya lura da haske ta can ƙuryar jakar, inda bangon yake da wasu wurare shara-shara kamar tagogi. A wajen kuma akwai gashi a jere wanda yake iya takawa kamar tsani. Wannan hanya ita ke kai shi ga ɗaya daga cikin wasu 'yan ƙofofi biyu da ke bayan furen.

A nan hikimar ginin take. Kafin ƙudan ya kai ƙofa, tilas ya kutsa ta ƙarƙashin sashen mace na furen, inda duk bununin da ya ɗauko daga wani fure zai goge ya maƙale. Bayan ya wuce nan ne zai matsa ta jikin sashen namiji, wanda ke tsaye a bakin kowace ƙofa, sai sabon bununi mai danƙo ya shafe masa baya, ya fita. Da yake mace ce a gaba, namiji a baya, kuma hanyar ba ta komawa, furen ba ya yi wa kansa barbara. Tilas sai da bununin wani.

Gane wannan tsari bai zo da sauƙi ba. A littafin da Charles Darwin ya wallafa a 1862 a kan barbarar okid, ya zaci ƙwaro yana zura dogon bakinsa ne ta ƙofofin baya. Abokinsa Asa Gray, masanin tsirrai na Jami'ar Harvard, shi ya nuna masa cewa ya fi kama da a ce ƙwaron yana shiga ta babban baki ya fita ta ƙarami. Darwin ya gwada. Ya sa wani ɗan ƙudan zuma cikin jakar wani ɗan'uwan tsiron nan na Amurka, ya ga ya fita ta ƙofar baya shafe da bununi, ya maimaita har sau biyar, sa'an nan ya gyara bayaninsa a bugu na biyu na 1877. A Jamus kuma Hermann Müller ya ga abin da idonsa a daji.

Amma fa mayaudari yana da nasa hasarar. Ƙudan da ya sha wuya bai sami kome ba yakan koyi darasi, alhali kuwa barbara ba ta yiwuwa sai an ruɗe shi sau biyu, sau ɗaya ya ɗauka, sau ɗaya ya sauke. Ga shi kuma girman ƙwaron sai ya dace da ƙofar. Wanda ya cika ƙanƙanta yakan sulale bai taɓa kome ba, wanda ya cika girma kuwa ya fita ta inda ya shigo, ko ya maƙale ya mutu. Shi ya sa furanni kaɗan ne ke ƙulla kwanso. A dazuzzukan Istoniya da aka daɗe ana lura da su, kusan ɗaya cikin goma ne. Ku riƙe wannan a zuci, domin za mu komo gare shi: inda tushe ɗaya tak ya rage, ƙudan zuma ba shi da inda zai ɗauko bununin baƙo.

IRIN DA BA SHI DA GUZURI

Idan barbara ta yiwu, kwanso yakan nuna wajen watan Satumba, ya tsage, iska ta kwashi irin. Kwanso guda yana ɗauke da ƙwaya dubbai, kowace tsawonta kimanin milimita ɗaya, ga ta siririya kamar ƙura. Mai jin wannan adadi zai ce ai kuwa tsiron ya kamata ya cika daji. Abin da ya hana shi ne talaucin ƙwayar.

Ƙwayar gero ko ta wake da muke shukawa, mafi yawan jikinta guzuri ne wanda uwa ta ɗaure wa ɗa, domin ya ci har ya fid da ganye ya fara dafa nasa abinci da hasken rana. Wannan guzuri shi ne muke niƙawa mu yi tuwo. Ƙwayar okid kuwa ba a sallame ta da kome ba, ɗan tayi ne kawai cikin 'yar riga shara-shara. Manomanmu sun san wani abu mai kama da wannan a jikin ƙuduji, wanda irinsa shi ma ƙura ne, ba ya kuma rayuwa sai ya kama saiwar dawa ko gero. Ƙuduji ba dangin okid ba ne, amma matsalarsu ɗaya, watau ɗa marar guzuri tilas ya sami mai goyo. Mai goyon okid funfuna ce.

Funfunar da nake nufi dangin wadda ke fita a jikin tuwon da ya kwana biyu ce, da kuma laimar kwaɗi da muke gani da damina. Ainihin jikinta zare ne siriri wanda ido ba ya gani, yana ratsa ƙasa yana cin ruɓaɓɓen ganye. Idan ƙwayar okid ta yi sa'a ta faɗi inda irin funfunar da ta dace take, sai zaren ya huda ta ya shiga, ya nannaɗe cikin ƙwayoyin jikinta. Maimakon funfunar ta cinye ƙwayar, sai ƙwayar ta riƙa narkar da zaren tana sha. Wani Bafaranshe, Noël Bernard, shi ya fara gano wannan a 1899, a jikin wani okid dabam. Binciken da aka yi a wannan ƙarni ta hanyar duba ƙwayoyin gado ya nuna cewa takalmin uwargida yana da tsananin zaɓe, kusan dangi guda na funfuna yake yarda da shi, wanda ake kira Tulasnellaceae.

Daga nan sai haƙuri. Ɗan tayin yakan zama ɗan ƙullutu fari, ya zauna cikin duhun ƙasa yana cin na funfuna, kimanin shekara uku kafin ya fid da ganyensa na fari. Daga tsira zuwa furen farko yakan ɗauki shekara shida zuwa goma, wani lokaci fiye. Ko bayan ya girma, akwai shekarar da yakan ƙi fitowa sam, ya kwanta a ƙasa, har mai ƙidaya ya ɗauka ya mutu, sai baɗi a gan shi.

Wannan bayani ya nuna mana abu biyu. Na ɗaya, mai tono yana raba tsiron da ƙasar da ta san shi, shi ya sa yawancin waɗanda aka tona aka kai lambu ba su daɗe ba. Na biyu, inda duk aka ga tushe mai fure, to ƙasar da ke kewaye da shi tana iya kasancewa cike da 'ya'yan da ba su fito ba tukuna. Mai sha'awar da ya durƙusa don ɗaukar hoto, ko da bai tsinki kome ba, yana iya tattake zuriyar shekara uku da gwiwarsa.

ABIN DA YA FARU A INGILA

Yanzu bari mu ga yadda waɗannan abubuwa suka haɗu a tarihin ƙasa guda. A Ingila tsiron bai taɓa bazuwa ko'ina ba, amma yana nan a kwaruruka masu dutsen alli na arewacin ƙasar, musamman a lardin Yorkshire. Tun ƙarni na 17 masu rubutu a kan tsirrai suka ambace shi a can, tun a lokacin kuma aka fara tono shi ana aika wa masu lambu a Landan. A ƙarni na 19 sha'awar okid ta zama kamar zazzaɓi a tsakanin masu hali. Masu lambu suna son shi da rai, masu tara busassun tsirrai suna son shi a matse cikin takarda, talakan ƙauye kuwa ya ga abin sayarwa a kasuwa. Yawan tumaki masu kiwo a gefen dazuzzuka ya ƙara wa Barno dawaki. Abin da ya fi muni shi ne, duk sa'ad da tsiron ya ƙara wuyar samu sai darajarsa ta hau, masu nemansa su ƙaru. A 1917 aka bayyana cewa ya ƙare a ƙasar.

A 1930 sai aka ga tushe ɗaya tak a gefen wani tudu da ba a faye zuwa ba a Yorkshire. Waɗanda suka san wurin suka kama bakinsu, har yau ɗin nan kuma ba a bayyana shi ga jama'a. Wajen 1970 aka kafa kwamiti musamman domin wannan tushe guda, aka riƙa sa mai gadi yana kwana a tanti kusa da shi duk lokacin fure. Doka ma ta shigo, ta 1975 da ta 1981, waɗanda suka haramta tsinkarsa ko tono shi. To, amma gadi ba ya sa haihuwa. Kamar yadda muka gani, tushe guda ba shi da abokin barbara, don haka sai da mutane suka karɓi aikin ƙudan zuma, suna ɗaukar bununi da hannu, har da na waɗansu tsofaffin tushe da aka tono daga dajin ƙasar tun dā suka rayu a lambuna.

Samun iri bai kashe magana ba, da sauran rina a kaba. A 1983 aka buɗe wani shiri na ceton okid a Lambun Sarauta na Kew da ke Landan, da taimakon kuɗin iyalin Sainsbury. Tun 1922 wani Ba'amurke, Lewis Knudson na Jami'ar Cornell, ya nuna cewa ana iya tsirar da irin okid cikin kwalba ba tare da funfuna ba, in an ba shi sukari da gishirin ma'adinai a madadinta. Amma takalmin uwargida ya ƙi wannan dabara, domin rigar ƙwayarsa in ta nuna tana hana ruwa shiga, tana kuma sa ta barci mai nauyi. Hanyar da ta ɓulle daga baya ita ce a yanke kwanson tun yana ɗanye, makonni kaɗan bayan barbara, kafin rigar ta yi tauri. Wajen abincin kuma an amfana da aikin wani likita ɗan Suwidin, Svante Malmgren, wanda ya haɗa irin ruwan gina jiki da ake ƙara wa marasa lafiya a asibiti da ruwan abarba.

Daga ƙarshen shekarun 1980 aka fara mayar da 'ya'yan kwalba daji, a farkon shekarun 1990 kuma hukumar kula da halittun Ingila ta sa tsiron cikin shirinta na farfaɗo da waɗanda ke bakin ƙarewa. An dasa fiye da dubu a wurare dabam-dabam na arewacin ƙasar. Da yawa dodon koɗi da ɓerayen daji da zomaye suka cinye, har aka gane cewa gara a riƙe su a lambu su yi ƙwari kafin a fitar. Hannun mutum ma bai daina ba. Wani tsohon tushe da ke Silverdale a lardin Lancashire an kai masa hari a 2004 da 2009, har a 2010 'yan sanda suka riƙa yi masa sintiri.

Sannu a hankali waɗanda suka rayu suka girma suka yi fure. Duk da haka masu aikin ba su ce an gama ba, domin kowane tsiro da ke dajin, ban da tsohon tushen nan guda, hannu ne ya dasa shi. Sai a watan Yuni na 2024 aka ga wani sabon tsiro a ɗaya daga cikin wuraren dashen a Yorkshire, wanda ba wanda ya shuka shi. Ma'anar wannan ita ce, an yi barbara, iri ya faɗi, ya gamu da funfunarsa, ya yi shekarunsa na duhu, ya fito. Daga 1930 zuwa wannan rana shekara 94 ke nan.

KAMMALAWA

Domin kada a fahimce ni a karkace, tsiron nan bai kusa ƙarewa a duniya baki ɗaya ba. A Siberiya da Istoniya da waɗansu sassan Suwidin da tsaunukan tsakiyar Turai akwai wuraren da ake ganinsa ɗaruruwa. Amma a yammacin mazauninsa ya ja baya ƙwarai, a Denmak wuri biyu kaɗai ya rage. Yarjejeniyar Bern ta 1979 da dokar Tarayyar Turai ta 1992 a kan mazaunin halittu suna kare shi, haka kuma yarjejeniyar duniya ta 1973 a kan cinikin halittun daji ta sa wa fataucin dukan okid linzami. A yau babbar barazanarsa a ƙasashe da yawa ita ce sauya dajin kansa. In aka sare itatuwa kaf, rana ta ƙone shi. In aka cika wurin da itatuwan katako masu duhu a matse, ya daina fure ya shuɗe a hankali. Doka tana iya hana hannu tsinka, amma kiyaye ratsin rana da inuwa aikin mai kula da daji ne na kowace shekara.

Idan muka koma ga tambayar da muka fara da ita, amsarta ta fito. Abin da ake ceta shi ne dangantakar da ke tsakanin tsiro da ƙwaronsa da funfunarsa da ƙasarsa, alamar nasara kuwa ita ce ran da wannan dangantaka ta ci gaba ba da hannun mutum ba. Masu shebur na ƙarni na 19 cikin 'yan mintoci suke tone tushe, ba wanda a cikinsu ya yi nufin ƙarar da iri. Gyaran abin da suka yi ya ci kusan shekara ɗari, da kwamiti, da masu gadi, da ɗakin bincike, da dukiya mai yawa, har yanzu kuma ba a kai gaci ba. Ingila ta yi sa'a tushe guda ya saura, ta kuma sami halin kashe wannan dukiya. Ba kowace ƙasa ce ke da irin wannan hali ba, ba kowane tsiro ne kuma ke da kyan da zai sa a yi masa wannan hidima ba. Lalle rigakafi ya fi magani, ya kuma fi shi araha.

Ga ɗalibanmu masu nazarin tsirrai ina da roƙo guda. Duk tsiron da kuka sa a gaba, kada ku tsaya ga sunansa da siffar ganyensa. Ku binciko wane ne ke yi masa barbara, me ke tare da saiwarsa a ƙasa, shekara nawa yake ɗauka kafin ya haihu, ku rubuta tun yana da yawa. Mutanen Ingila sai da ya rage musu tushe ɗaya suka fara neman waɗannan amsoshi.